Gani Ya Kori Ji: Yadda Krtek Ya Zaga Duniya Bai Yi Magana Ba

A shekarar 1957 alƙalan bikin fina-finai na birnin Venice a Italiya suka ba wani ɗan gajeren fim ɗin zane daga ƙasar Cekoslobakiya kyautar Zakin Azurfa. Jarumin fim ɗin wata 'yar baƙar dabba ce dangin jaɓa, wadda babu irinta a ƙasashenmu. A ƙarƙashin ƙasa take zaune, tana haƙa rami da faffaɗan hannuwanta tana turo ƙasa waje tuli-tuli, shi ya sa ba ta ga maciji da masu lambu a Turai. Mutanen Cek suna kiranta krtek, sunan kuma ya bi jarumin. Mai zanen, Zdeněk Miler, ya yi masa jan hanci da manyan idanu da gashi sili uku a tsakar ka, ya ci gaba da zana shi har zuwa 2002, fina-finai kusan 50. Yaran Jamus da Folan da Hangari da Finlan, har da na Sin da Japan, sun tashi da shi tamkar ɗan gidansu, kowace ƙasa da sunan da ta laƙaba masa. Mulkin gurguzun da ya biya kuɗin zana shi ya rushe a 1989, ƙasar da ta haife shi ta rabu gida biyu a 1993, amma har gobe ana zaunar da yara a gabansa.

Masu bayanin wannan tsawon rai sukan ce ai gwamnati ce ta tsaya masa, ko su ce kyan zane ne kawai, yaro kuwa duk abin da ya ga mai manyan idanu zai so shi. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ba su isa ba. Gwamnatin nan ta tsaya wa fina-finan yara masu ɗimbin yawa waɗanda yau ba a san su ba a wajen iyakar ƙasar, kyawawan dabbobin katun kuwa sun fi gaban ƙirga. A ganina abin da ya raba Krtek da sa'o'insa shawara ɗaya ce da Miler ya yanke bayan fim ɗin farko: ya cire magana daga bakin jaruminsa. Daga wannan shawara komai ya biyo baya, yadda ake gina labarin, da irin kasuwar da ya samu a waje, har da abin da ya iya faɗa a zamanin da faɗar gaskiya ke da tsada a ƙasarsa.

Kafin a gane nauyin shawarar sai an san matsayin harshe a wurin mutanen Cek. Masu magana da harshen ba su wuce miliyan 10 da ɗoriya ba, kuma sun yi ƙarnuka a ƙarƙashin sarautar gidan Habsburg, inda Jamusanci ya zama harshen ofis da makarantar gaba da manyan birane. A wancan zamani masu wasan 'yar tsana da ke yawo ƙauye-ƙauye suna cikin waɗanda suka riƙe harshen Cek a bainar jama'a, har ɗaya daga cikinsu, Matěj Kopecký, wanda ya rasu a 1847, ya zama abin tunawa a tarihin farfaɗo da harshen. Wannan gado bai yanke ba. Josef Skupa ya shahara da 'yan tsanarsa biyu, uba da ɗa, masu surutu da ba'a, har 'yan sandan asirin Nazi suka kama shi a 1944. A 2016 UNESCO ta sa wasan 'yar tsana na Cek da Sulobakiya cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. To, al'ummar da ta ɗauki magana a bakin 'yar tsana a matsayin makamin kare kai, a cikinta ne wani mai zane ya zaɓi ya yi shiru. Wannan ba zaɓin malalaci ba ne, kuma ba al'ada ce ta tura shi ba, domin al'adar ma wani gefen take ja.

An haifi Miler a 1921 a Kladno, garin kwal da ƙarfe da ke yamma da Prag. Yana ɗalibin zane ne a Prag lokacin da Jamus ta mamaye ƙasar, ya kuma shiga zanga-zangar ɗalibai ta Nuwamba 1939, wadda bayanta 'yan Nazi suka rufe jami'o'in Cek, suka kashe mutum tara, suka tura ɗalibai fiye da 1,000 sansanin gwale-gwale. Shi ya tsira, amma karatu ya tsaya. A 1942 ya sami aikin zanen fim a garin Zlín, a ɗakin shirya fina-finan da kamfanin takalma na Bata ya gina don tallar hajarsa, wannan Batan dai da iyayenmu suka sani a kasuwa. Da yaƙi ya ƙare, a watan Agusta 1945, shugaba Edvard Beneš ya sa hannu a dokar da ta mayar da harkar fim kacokan hannun gwamnati, tun kafin 'yan gurguzu su karɓe mulki a 1948. Miler ya koma Prag ya shiga ɗakin zanen fim na Bratři v triku, wanda Jiří Trnka, almajirin Skupa, ya jagoranta a farkonsa. Fim ɗin Miler na 1948, a kan wani attajiri da ya sace rana, ya sami kyauta a Venice. Wato dai mutumin ya riga ya goge kafin ya haɗu da dabbar da za ta cinye sauran rayuwarsa.

Aikin da aka ba shi a tsakiyar shekarun 1950 ba mai daɗi ba ne: a yi fim da zai koya wa yara yadda ake samun tufa daga tsiron lilin. Miler ya sha ba da labarin cewa ya rasa dabbar da zai ɗora wa labarin, domin Walt Disney ya riga ya kwashe kusan dukkansu, sai wata rana yana yawo a daji ya yi tuntuɓe da tulin ƙasar da krtek ya turo. Abin da ya fito daga wannan tuntuɓe ya cancanci a tsaya a dube shi. Krtek ya ga wando mai manyan aljihuna a kan igiyar shanya, ya ji duk duniya ba abin da yake so sai irinsa, don ya riƙa zuba tarkacen da yake tsinta. Tsiron lilin ya yi masa alkawarin wando in zai kula da shi. Sai ga shi yana ban ruwa, yana cire ciyawa, yana korar tsutsa. Da tsiron ya nuna aka tuge shi, kwaɗo ya taya shi jiƙa shi a ruwa yadda ake jiƙa rama kafin a saɓule zarenta, aka shanya a rana. Shamuwa ta farfasa karan da dogon bakinta, aka taje zaren a ƙayoyin bayan bushiya, gizo-gizo suka yi kaɗi, aka rina zaren shuɗi da 'ya'yan itacen daji, tururuwa suka kafa masaƙa suka saƙa. Wata halittar ruwa dangin ƙaguwa ta yanka ƙyallen da almakashin hannunta, wani ɗan tsuntsu ya ɗinke. Kowane mataki na sana'ar ya sami dabbar da surar jikinta ta dace da shi, ta yadda yaron da ya ga bushiya ta miƙa bayanta ya riga ya gane mene ne tajewa.

A wannan fim na farko akwai magana, akwai mai ba da labari. Amma duk wanda ya kalle shi da lura zai ga maganar kusan ƙari ce, hoton ya riga ya gama aikin. Miler da kansa ya ga haka. Shekara shida suka wuce kafin fim na biyu, na 1963, inda Krtek ya ga motoci ya ƙwallafa rai sai ya mallaki tasa, kuma daga nan mai ba da labari ya ɓace. Abin da ya rage dariya ce da kuka da kiran mamaki da 'yan kalmomi ƙalilan irin na gaisuwa. Muryoyin ma na 'ya'yansa mata biyu ne, ya ɗauka a na'ura suna ƙanana, aka ci gaba da amfani da su shekara da shekaru. Miler bai ɓoye dalilinsa ba, so yake yaron kowace ƙasa ya gane fim ɗin ba tare da tafinta ba.

Sai dai cire magana ba kamar cire hula ba ne, ya sauya aikin tun daga tushe. Marubucin da ke da baki a hannunsa yana iya sa jarumi ya ce ransa ya ɓaci, ya wuce. Wanda ba shi da shi dole ya nemo abin da jarumin zai aikata har a ga ɓacin ran, kuma dole kowane abu ya haifi na bayansa a gaban ido, ba a bayan fage ba. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, minti biyar ke nan hoto 7,200, a lokacin da ake zana komai da hannu a kan fallayen roba masu haske, a shafa launi, a ɗora a kan zanen fage, a ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Mai irin wannan wahala ba ya ɓarnar motsi. A duba fim ɗin 1975 na Krtek da katafila. Ya shuka furanni yana lallaɓa su, sai ga turakun awon hanya an kakkafa sun ratsa ta tsakiyar lambun, ga katafila tana tafe tana bin turakun tana share duk abin da ke gabanta. Ƙarfi bai kai ba, roƙo ba ya shiga kunnen inji. Abin da ya yi a ƙarshe shi ne ya tuttuge turakun ya sake kafa su a kewaye, katafila ta bi su, hanya ta lanƙwasa ta bar lambun. Yaro ɗan shekara huɗu yana iya bin wannan dabara daga farko har ƙarshe, domin ya ga turke, ya ga inji na bin turke, ya ga an matsar da turke. Kiɗan da Miloš Vacek da Vadim Petrov suka tsara shi ke ɗauke da abin da ya rage, fargaba da murna da sanyin jiki.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa shirun ne sirrin tana cikin gidan talabijin na ƙasar. Ranar 2 ga Janairu 1965 aka fara shirin Večerníček, 'yar tatsuniyar mintuna kaɗan da ake nuna wa yara da maraice kafin su kwanta, wadda ake buɗewa da wani yaro mai hular takarda da Radek Pilař ya zana. Shirin yana nan har yau, yana cikin mafiya daɗewa a talabijin ɗin ƙasar. Saboda shi aka yi jerin fina-finan zane masu yawa, galibinsu da muryar manyan 'yan wasan kwaikwayo: labarin ɗan fashi Rumcajs da Karel Höger ya karanta, da na wasu 'yan aljanu biyu mazauna kututturen itace da muryar Jiřina Bohdalová, da na ƙaton kare Maxipes Fík da muryar Josef Dvořák. A gida waɗannan ba su gaza Krtek farin jini ba ko kaɗan, wasu iyayen ma sun fi son su. Gwamnati ɗaya ta biya kuɗinsu, ɗakunan zane iri ɗaya, lokacin nunawa ɗaya. Amma da aka zo ƙetare iyaka, masu maganar sun fi tsayawa a maƙwabta, domin rabin daɗinsu a harshen yake, harshen kuwa ba ya bin su. Waɗanda suka yi nisa su ne Krtek da wasu 'yan tsana biyu masu gyaran da ke ƙarewa da ɓarna, Pat da Mat, na Lubomír Beneš da Vladimír Jiránek, da aka fara a 1976, waɗanda yaran ƙasashen Larabawa suka sani da Zingo da Ringo. Su ma ba sa magana.

Wani zai ce farin jinin na dole ne, tunda yaron Prag ko na Warso a 1975 ba shi da zaɓi, tasha ɗaya ce ko biyu, kuma ba kasafai ake barin katun na Amurka ya shigo ba. Wannan gaskiya ne game da gabashin Turai, amma bai bayyana Jamus ta Yamma ba, bai bayyana Finlan da Japan ba, inda kasuwa a buɗe take kuma kayan Disney sun cika ko'ina. Bai kuma bayyana abin da ya faru bayan 1989 ba, lokacin da tashoshi masu zaman kansu suka buɗe, katun na waje ya kwararo, iyayen Cek kuma suka ci gaba da saya wa 'ya'yansu littattafai da 'yan tsanar Krtek da kuɗin aljihunsu. Abin da aka cusa wa mutane da ƙarfi yakan mutu ranar da ƙarfin ya kau, kamar yadda ɗimbin fina-finan farfaganda na wancan zamani suka mutu.

Suka ta biyu ta fi wannan nauyi. Ana cewa shirun dabarar ciniki ce kurum. Ƙasashen gurguzu suna cikin yunwar kuɗin waje, fim ɗin da ba ya buƙatar fassara kuwa ya fi saurin sayuwa. Lallai kuɗin ya shigo. Gidan rediyo da talabijin na WDR da ke Kolon ya fara shirin yara na Die Sendung mit der Maus a 1971, daga 1972 Krtek ya shiga cikinsa, kuma editan shirye-shiryen yara na gidan, Gert Müntefering, ya daɗe yana hulɗa da masu fim na Prag. Gidan ne kuma ya yi haɗin gwiwa wajen shirya Pan Tau, labarin wani mutum mai hular sihiri wanda shi ma ya daɗe bai ce uffan ba. Ba na musun cewa Jamusawa sun sa kuɗi a fina-finan Krtek na baya, kuma hakan ya taimaka suka yawaita. Amma a lura da jerin shekarun: shirun ya fara a 1963, cinikin Kolon ya zo bayan kusan shekara tara. Kasuwa ta tarar da abin ne a gine. Ko da ma an ce Miler ya yi tunanin kasuwa tun farko, ban ga aibin hakan ba. Mai zanen da harshensa bai wuce bakin mutum miliyan 10 ba yana da hanya biyu in yana son duniya ta ji shi: ya ari harshen manya, ko ya nemo hanyar da ba ta bi ta harshen kowa ba. Miler bai sa Krtek ya yi Rashanci ko Jamusanci ko Turanci ba, kuma ina ganin akwai mutunci a cikin wannan.

Sukar da ta fi ci mini rai ita ce ta masu cewa shirun tsoro ne. Bayan tankokin ƙawancen Warso sun shiga ƙasar ranar 21 ga Agusta 1968, gwamnatin Gustáv Husák ta rufe bakin marubuta da masu fim, wasu aka kore su daga aiki, wasu suka yi hijira. A irin wannan yanayi, in ji masu sukar, zana dabbar da ba ta magana hanya ce ta fakewa, a ci albashi a zauna lafiya. Amsar farko ita ce rashin magana bai taɓa kare kowa daga masu tace fina-finai ba. Fim ɗin ƙarshe na Trnka, na 1965, mai suna Ruka, babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Wani maginin tukwane ne ke son yi wa furensa tukunya, wani ƙaton hannu kuma ya matsa masa sai dai ya sassaƙa siffar hannun, ya bi shi da kyauta, ya bi shi da barazana, ya sa shi a keji, da ya mutu kuma hannun ya yi masa jana'izar girma. Trnka ya rasu a ƙarshen 1969, gwamnati ta yi masa jana'izar girma, ta kuma hana nuna fim ɗin kusan shekara 20. Masu mulki sun san sarai hoto yana magana.

Amsa ta biyu tana cikin abin da Krtek ya riƙa nunawa. A shekarar da aka yi fim ɗin katafila, 1975, hukuma tana tsakiyar rushe tsohon birnin Most a arewacin ƙasar don haƙar kwal ɗin da ke ƙarƙashinsa, har aka ɗora wata tsohuwar majami'a a kan dogo aka ja ta mita 841 don kada ta bi sauran gine-ginen. Hayaƙin tashoshin wuta yana ƙone dazuzzukan tsaunukan da ke iyaka da Jamus ta Gabas. Magana a kan wannan a jarida tana da haɗari. Sai ga fim ɗin 1982 na Krtek a birni: injina sun share dajin da yake zaune da abokansa bushiya da zomo, an bar su a kan kututture, an kai su birni mai hayaƙin motoci, manyan ofis sun karɓe su da takarda da hatimi, an ba su ɗaki a dogon bene da dajin roba na hurawa a madadin nasu. A na 1984 kuma wani mutum mai gidan da komai na'ura ke yi masa ya yi mafarkin makamashi ya ƙare, sai dabbobi ne suka fitar da shi daga hunturu. Ba zan ce Miler ɗan adawa ba ne, bai shiga kurkuku ba, bai yi fito-na-fito da kowa ba, kuma ya ci moriyar tsarin. Abin da nake cewa shi ne ya nuna wa yara miliyoyi, a allon gwamnati da kuɗin gwamnati, cewa abin da ake kira ci gaba yana iya zama ɓarna. Yaran da suka kalli waɗannan fina-finai sun zama matasa a 1989, kuma tun ranar 11 ga Nuwamba na shekarar, kwana shida kafin zanga-zangar ɗaliban Prag, mutanen garin Teplice suka fito titi suna neman iskar da za a iya shaƙa. Katun bai kawo juyin da ya rushe mulkin gurguzu ba, amma damuwar da ta fito da mutanen Teplice ita ce wadda Miler ya daɗe yana zanawa.

Akwai kuma damuwar iyaye da malamai, wadda mai karatun da ke ganin katun na Turanci na cinye bakin 'ya'yansa zai fi kowa fahimta: fim marar magana me zai ƙara wa yaro a harshe? Kai tsaye dai ba ya ba shi sababbin kalmomi, wannan a fili yake, kuma mutanen Cek da kansu ba su dogara da shi don wannan ba. Sun bar masu muryar zinariya suna karanta tatsuniya a Večerníček, labaran Krtek kuma sun fito a littattafai da rubutun marubuta irin su Eduard Petiška da Hana Doskočilová. Amma a yi tunanin abin da ke faruwa a ɗakin da ake kallo. Fim mai surutu yana sa yaro ya yi tsit yana saurare, sau da yawa cikin harshen da ba nasa ba. Marar magana yana barin wuri, yaron ya tambaya, ya yi hasashe, ya gaya wa ƙanensa abin da zai faru, uwa ta sa baki, duk cikin harshen gidan. A Holan an ɗora wa Pat da Mat muryoyi, suka yi farin jini ƙwarai da sunan Buurman en Buurman, wasu kuma suna kafa hujja da wannan cewa magana ba ta rage komai. Ni abin da na gani a ciki daban ne. Fim ɗin da aka gina a kan aiki yana karɓar muryar duk wanda ya ga dama ya ɗora masa, wanda aka gina a kan surutu kuwa in aka zare masa murya sai ya faɗi. Wannan ba ya nufin komai na Krtek ya dace da kowane gida. Fim ɗin 1997 da ya nuna zomanya tana haihuwa ƙuru-ƙuru, iyaye da yawa a wurare da yawa za su so su fara ganinsa kafin yara. Shiru yana ƙetare harshe, amma bai share bambancin tarbiyya ba.

Abu ɗaya ne zan ba masu cewa gwamnati ce, kuma babba ne: lokaci. Shirun da na yaba yana da tsada, domin labarin da za a gane ba tare da kalma ba sai an yi ta juya shi har ya daidaita. Fina-finai kusan 50 a cikin shekara 45, kusan ɗaya ke nan a shekara, alhali kamfanin kasuwa yana iya neman fiye da haka a zango ɗaya. Ma'aikatan kamfanin Krátký film na gwamnati suna da albashi ko fim ya fito ko bai fito ba, ba kuma mai tsaye a kansu yana lissafin 'yan tsanar da za a sayar. Sai dai hannun da ya ba Miler wannan sarari shi ne ya hana wani mai fim, Jan Švankmajer, yin fim na tsawon shekaru a cikin 1970, shi ne ya kulle fim ɗin Trnka. Bai kamata kewar wancan zamani ta rufe wa kowa ido ba. Kuma lokaci kaɗai ba ya haifar da komai, an ba mutane da yawa irinsa, Miler ne ya san abin da zai yi da nasa.

Bayan 1989 aka sayar da kamfanin fim ɗin ga 'yan kasuwa, ya shiga matsin kuɗi, sana'ar zane da hannu ta riƙa ja da baya. Miler ya kammala fim ɗinsa na ƙarshe a 2002. A watan Mayu 2011 ɗan sama-jannatin Amurka Andrew Feustel, wanda matarsa ke da tsatson Cek, ya tafi da 'yar tsanar Krtek a tafiyar ƙarshe ta kumbon Endeavour, ranar 30 ga Nuwamba na shekarar kuma Miler ya rasu yana da shekara 90. Abin da ya biyo baya shari'o'i ne a kan haƙƙin mallaka, da wani sabon jeri na 2016 da aka yi da kwamfuta tare da gidan talabijin na Sin, inda aka haɗa Krtek da dabbar fanda. Mutanen Cek da yawa ba su karɓe shi ba. Siffar tana nan, jan hancin da gashin sili uku, amma gaggawa ta shiga inda haƙuri yake.

Tsofaffin fina-finan suna nan a intanet, mafi yawansu ba su wuce minti biyar zuwa goma ba, kuma ba sa buƙatar a fassara su zuwa Hausa. Duk mai shakkar abin da na faɗa, musamman matasanmu masu koyon zanen katun, ya nemi na katafila, ya zaunar da yaro ɗan shekara uku ko huɗu a gabansa, kada ya yi masa bayanin komai. In an gama ya ce yaron ya ba shi labarin abin da ya gani.